Tambayi Mai Gyara: Kafin Ka Sayi Katin Girafik, Leƙa Akwatin Wuta

Saƙonnin da edita ya miƙo mini a wannan watan kusan duk ƙofa ɗaya suka bi. Da alama hutun makaranta ne ya jawo, don kowa zancen katin girafik yake yi, wato katin nan da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur ya ɗauki nauyin zana hoto, gem ya daina tsattsayawa. Na zaɓi shida. Na rage gaisuwa saboda fili, amma duk na amsa, kuma wanda ya yi wa mahaifiyata addu'ar samun sauƙi, na gode, jiki ya yi kyau.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da kwamfutar tebur ta gwanjo, Dell OptiPlex 9020, ƙaramar nan siririya da ake kwantarwa, farosesa i5-4570, ram giga 8. Don rubuta furojet na saye ta, amma yanzu ina son in riƙa buga FC 24 da GTA V. In na buɗe GTA sai motar ta riƙa tafiya kamar ana turin ta. Wani abokina zai sayar mini da RX 580 mai giga 8, ya ce da na saka shi an gama. Tun bayan Sallah nake tara kuɗin. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai da kuɗin aljihu tukuna, ka ɗora hannu a kai.

RX 580 jarumin kati ne, ban raina shi ba. Tun watan Afrilun 2017 da AMD ta fito da shi yake ɗawainiya, har yau yana nan a gidajen gem da yawa. Gidan da za ka kai shi ne ba zai iya ciyar da shi ba. Kada ka ɗauki maganata haka kawai, gani ya kori ji. Kashe kwamfutar, zare ta daga soket, buɗe murfin. Za ka ga wani dogon akwatin ƙarfe a daidai inda wayar wuta ke shiga, shi ne fawa-fak, mai raba wa kayan ciki wuta. Akwai takarda manne a jikinsa. A irin taka abin da za ka karanta shi ne 255W. To wat 255 ɗin nan su ne tukunyar gidan gaba ɗaya, daga farosesa har ram da had-dis da fankoki kowa a cikinta yake ci. Farosesarka in aiki ya yi aiki tana kai wat 84. RX 580 shi kaɗai wat 185. Haɗa ka gani: 269. Mutum biyu sun cinye tukunyar har ƙanzo, ba a ma kai ga yara ba. Masu ƙera katin fawa-fak mai wat 500 suke ba da shawara a haɗa shi da shi.

Sannan ko da wutar ta isa, ta ina za ta bi ta shiga? Ramin da ake soka kati a jikin madabod, wato babban farantin da duk kayan ciki ke haɗe da shi, iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Duk katin da ya fi haka ci sai an jawo masa waya ta daban daga fawa-fak, mai filogi ido shida da ke ɗaukar wat 75, ko ido takwas da ke ɗaukar 150. Duba naka da kyau, babu wannan wayar. Kwamfutar ofis ce, don rubutu da lissafi aka yi ta.

Na san abin da zai faru in ka je kasuwa da wannan maganar. Wani zai zaro maka 'yar waya daga leda, gefe ɗaya filogin had-dis, ɗaya gefen ido shida, ya ce ga maganin abin. Filogin had-dis ɗin nan, wanda ake kira SATA, wat 54 aka tsara masa. A aljihun teburina akwai guda ɗaya da na ajiye don nuna wa masu gardama. Robarsa ta narke ta dunƙule kamar alewar da aka manta a rana, tagullar ciki ta yi baƙi. Yaron da ya kawo kwamfutar ya ce yana cikin buga ƙwallo ya ji warin ƙonannen roba, ya ɗauka maƙwabta ne ke ƙona shara. Allah ya kiyaye, labulen ɗakin na nan dab da ita.

Canza fawa-fak ɗin ma ba kai tsaye ba ne. Madabod ɗin wannan samfurin filogi mai ido takwas yake karɓa, na gama-gari da ake sayarwa a kasuwa kuwa ido 24 ne, kuma ba zai zauna a cikin siririn akwatin ba. Akwai wayar da ke haɗa su, na sha ganin masu ajiye fawa-fak a waje, wayoyi na reto kamar an fasa cikin akuya. Yana aiki, amma a ɗakin ɗalibai da ake tsallake buta da kofin shayi, ni ba zan sa ka ba.

Ga kuma girma. RX 580 ya fi akwatin naka tsayi, murfin ba zai rufu ba.

Abin da ya dace da kai shi ne gajeren kati, wanda 'yan kasuwa ke ce wa lo-furofayil, mai shan wutarsa daga ramin madabod kawai. Irinsu ba su da yawa. Akwai GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne giga 4, wat 75. Akwai RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a farkon 2024, wat 70, shi ne mafi ƙarfi a cikinsu kuma mafi tsada. Ka lura, mai giga 8 daban ne, shi yana neman waya. Akwai RX 6400 mai wat 53, siriri ne sosai, sai dai layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin, kuma a tsohon madabod irin naka wannan na rage masa gudu. Da ni ne kai, 1650 zan nema. Ya fi 1050 Ti ƙarfi, kuma Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 10 sababbin direbobin gem, wato manhajar da ke sa kati aiki da Windows, tun Oktoban 2025, shi kuwa 1650 ana ci gaba da yi masa. Lissafin ma ya zauna: 84 da 75 sun ba da 159, ka ƙara na sauran kayan, har yanzu da saura a tukunya. Kada kuma wani ya lallaɓa ka da GT 710 ko GT 730 don an rubuta giga 2 ko 4 a kwali. Yawan giga faɗin faranti ne kawai, ba shi ne tuwon ba. Waɗannan na haɗa monita biyu ne a ofis.

Kafin ka fita kasuwa, ɗauki rula ka auna. A wasu ƙananan akwatunan dogon ramin yana manne da fawa-fak, kati mai kauri ba ya shiga. Ka ɗauki hoton cikin da wayarka, ko ma ka rungumi kwamfutar ka tafi da ita, ba nauyi gare ta ba. Ka tabbatar an haɗa maka da gajeren ƙarfen baya, don da yawa dogon kawai suke zuwa da shi.

Yanzu maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. GTA V na 2015 zai tafi sumul, don abin da masu gem ɗin suka ba da shawara i5-3470 ne da GTX 660, kai kuma ka wuce nan. PES 2021 ma haka. FC 24 kuwa, mafi ƙarancin abin da EA ta rubuta shi ne i5-6600K, ram giga 8, da GTX 1050 Ti ko RX 570. 1650 ɗin zai tsallake, farosesarka ta 2013 ce ta gaza. Na ga gem ɗin yana buɗewa a irinta, amma daidai lokacin da 'yan wasa suka cika gaban raga, lokacin da ka fi bukatar sa, sai ya riƙa sarƙewa. Ka ɗauke su kamar shagon ɗinki: farosesa ce ke yanka, kati ke ɗinki. Ko ka kawo telan da ya fi kowa sauri a Zariya, in mai yankan na jan jiki, zama zai yi yana hamma. In kana son ka ga wanda ke jan aikin, saka MSI Afterburner, kyauta ce, tana nuna maka a gefen allo kana cikin wasa. Ka ga farosesa a kashi 100, kati a 60, to ka san inda gizo ke saƙa.

Canjin da ya rage, ka ƙara ram ya kai giga 16, sanda biyu masu girma ɗaya, irin DDR3, ka kuma sa SSD, ma'ajiyar da ta fi had-dis sauri, in ba ka da shi. Daga nan ka tsaya. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zuriya ta takwas ta Intel take farawa, taka ta huɗu ce. Inji ne da zai yi maka aiki har ka gama makaranta, amma ba wanda za a yi ta narka wa kuɗi ba. In FC ɗin ne ya tsaya maka a rai, gara ka sayar da ita bayan ka kare furojet, ka haɗa da abin hannunka, ka sayi babban akwati mai tsayuwa da fawa-fak na gama-gari. A lokacin sai ka koma wa abokin naka, in bai sayar ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Daga Gusau. Na sayi GTX 1660 Super na saka da kaina. Fankarsa na juyawa, kwamfuta na tashi, amma monita baƙi ƙirin, sai rubutun babu sigina. An cuce ni ne?

AMSA: Kafin ka je ka kama rigar mai shago, leƙa bayan kwamfutar. Ina ka soka wayar monita? In tana can sama inda take tun da, kusa da ramukan USB, to a madabod take. Sauko da ita ƙasa, ka soka a jikin katin kansa. Kwamfutoci da yawa da sun ji kati sai su kashe ramin sama. Mafi yawan masu kawo mini wannan kukan, abin da nake yi ke nan, in zare in soka, kuma kunyar karɓar kuɗin aiki nake ji.

In ba shi ba ne, duba filogi mai ido takwas a saman katin, don 1660 Super wat 125 yake ci, ramin kaɗai bai isa ba. Tura shi har ka ji ƙas. In nan ma lafiya, kashe, zare daga soket, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa katin, musamman da hunturu, lokacin da ko hannun mota ka kama sai ya ja ka. Ciro katin ka sake dannawa har 'yar maƙatar ƙarshen ramin ta kama. Kuma in za ka cire, ka fara danna wannan maƙatar. Kada ka fizga, ramin na iya biyo ka.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba shi ne irin monita ɗinka. In tsoho ne mai shuɗin filogin VGA kaɗai, kuma ka haɗa shi da ɗan farin kan nan na DVI, ba zai nuna ba har abada, don katunan yanzu ba sa fitar da irin wannan siginar. Mai juya HDMI zuwa VGA za ka nema. Hoto na fitowa, ka sauke direba daga shafin Nvidia, ya haura megabayit 600, ka tanadi data. In a da akwai wani katin a ciki, musamman na AMD, ka fara goge tsohon direban da manhajar DDU.

TAMBAYA: Malam, ina Jos. Na ga wani a Facebook yana sayar da GTX 1050 Ti sabo a kwali, rabin kuɗin da ake sayarwa a shago, ya ce in tura kuɗi ya sa a mota. Wani kuma yana da RX 580 da yawa, ya ce daga waje aka kawo, an yi mainin da su, wato haƙar kuɗin intanet, amma lafiyarsu ƙalau. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Na farkon cinikin biri a sama ne. Ka ce ya ɗauko maka hoton bayan katin, inda ramuka suke. In ka ga shuɗin ramin VGA, ka yi masa sallama, 1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da shi. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tsofaffin katuna irin GTS 450 na 2010 ko GTX 550 Ti, a sauya musu bayanan ciki, a lulluɓe da sabuwar roba mai kore ko ja. Windows ma sai ta karanta maka 1050 Ti, giga 4. Alhali giga 1 ne a ciki. Ƙaramin gem zai buɗe, ranar da ka ɗora babba ya nemi abin da ya wuce giga ɗaya, sai hoto ya wargaje ko gem ya rufe kansa. Yawanci sukan haɗa da ɗan faifai a kwalin, su ce direbansa kaɗai za ka yi amfani da shi, saboda sabon direban Nvidia ba zai karɓe shi ba. Akwai wata 'yar manhaja, GPU-Z, ba ta da nauyi. Tana ƙirga ƙwayoyin aikin kati: na gaskiya 768 ne, jabun 192, kuma sau da yawa takan rubuta maka FAKE ƙarara a gaban sunan. Kullum tana cikin filashin da ke jikin makullin babur ɗina.

Na biyun aƙalla ya faɗi gaskiya, na ba shi wannan. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet, ta daina amfani da tsarin haƙa da katin girafik, nan take masu rumbunan mainin a duniya suka fara zubar da kayansu, RX 580 da 570 suka cika kasuwa, har suka iso mu. Katin da aka yi mainin da shi ba lallai ne ya lalace ba. Sai dai ka san jakin da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya dare da rana ka saya. Fankoki ne ke fara gajiya, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli, wasu kuma an taɓa musu BIOS, wato manhajar da ke cikin katin kansa, don haƙa, sai direba ya riƙa ƙin su har sai an mayar da na asali. Ka kuma bincika ko 580 ne cikakke. Akwai wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018 mai suna RX 580 2048SP, ƙwayoyinsa 2048, daidai da na RX 570, cikakken kuwa 2304 ne. Ba jabu ba ne, amma kada ka biya kuɗin babba a ba ka ƙane.

Ko a Beirut Road ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko nan Jos ɗinku, ƙa'idata ɗaya: a saka a gabanka. A buɗe GPU-Z, a kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ko babban gem na minti 20 zuwa 30. Kana kallon allo, ko za ka ga ɗigo-ɗigon kala ko layuka suna giftawa. Kana sauraren fanka, ko tana kukan tsohon injin niƙa. Kana duban zafi, in ya haye digiri 85 yana ci gaba da hawa a cikin shago, ka tuna ɗakinka a watan Afrilu. A gwada kowane rami na baya. Ka juya katin ka shinshina, ka duba ko akwai inda ya yi ruwan ƙasa alamar an gasa shi. Sai a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, ko da mako ɗaya ne. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa kana ɓata masa lokaci, ya riga ya ba ka amsa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni uwa ce a Kaduna. Ɗana ya dame ni wai sai na saya masa wani abu RTX 3060 saboda karatu. Da na ji kuɗin sai da na zauna. Don Allah karatu na bukatar wannan abin?

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, ya danganta da karatun. Ki zaunar da shi ki ce ya faɗa miki sunan manhajar da zai yi aiki da ita, da sunan darasin. In rubutu ne, da lissafin Excel, da bincike a intanet, da atisayen JAMB, kwamfutar da ke gabansa ta isa ba tare da an ƙara mata ko sukuru ba. In kuwa zanen gine-gine yake karanta ya ambaci Revit ko Lumion, ko yana koyon Blender, ko tace bidiyo da Premiere Pro, to gaskiya ya faɗa, kuma ya iya zaɓe: 3060 ya fito a 2021 da giga 12, masu irin wannan aikin suna son sa. In ya fara sosa ƙeya yana kallon silin, ƙwallo ce.

Ni dai ba na ganin laifin yaro don yana son gem, ta nan da yawanmu muka fara buɗe kwamfuta har ta zama sana'a. Abin da ba na so shi ne a laɓe a bayan karatu. In ƙwallon ce, ya faɗa, ku yi ciniki a kan sakamakon jarrabawa, kuma akwai katunan da ba su kai wannan kuɗin ba da za su ishe shi. Ki kuma sani kuɗin ba a katin yake tsayawa ba. Wat 170 yake ci, ana so a haɗa shi da fawa-fak mai wat 550, wataƙila sai an canza na gidan. Ga mita: injin da ke jan wat 300, awa biyar a rana, yunit ɗaya da rabi ke nan. In kuna Band A, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, ki lissafa na wata ki ajiye masa a gabansa.

TAMBAYA: Injiniya, ina da gidan gem a Haɗeja, kwamfuta uku, da janareta muke aiki mafi yawan lokaci. Na sa wa ɗaya RX 6600. Tana tashi lafiya, amma da yara sun fara wasa, minti goma ko sha biyar sai ta mutu ɗif. Fawa-fak ɗin sabo ne, 650W aka rubuta. Har yara sun fara cewa kwamfutar mai aljanu.

AMSA: Alhaji, aljanin nan ina jin na san gidansu. RX 6600 wat 132 kawai yake ci, fawa-fak mai 650 na gaskiya ko a jikinsa. Tambayar ita ce ko 650 ɗin na gaskiya ne. Ciro shi ka ɗaga a hannu. In ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, ka fara zargi. Sai ka duba jadawalin da ke jikin takardar, ka nemi inda aka rubuta +12V, don daga wannan layin kati da farosesa suke sha. A ƙarƙashinsa akwai lamba da harafin A. Ninka ta da 12. Na taɓa riƙe wani da aka rubuta wa 650W da manyan haruffa, a ƙasa kuma 18A. Wat 216 ke nan, sauran duk ado ne. Na kirki mai 650 za ka ga lambar ta haura 50A. Nemi na kamfanonin da aka sani, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai 550 na gaske ya ishe ka. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kati, ya zo kan abin da ke ba katin wuta ya nemi mafi araha a layin. In irin wannan ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko katin su tafi tare.

Yadda take mutuwar ma na ba da labari. In ɗif take yi kamar an zare filogi, babu gargaɗi, wuta ce. In kuwa fanka ce ke fara ihu, gem ya soma nauyi, sannan ta mutu, zafi ne. Haɗeja kuma ba a gaya mata zafi. Buɗe ka duba haƙarƙarin ƙarfen sanyaya. Bayan hunturun bara an kawo mini wata daga wani gidan gem, ƙura ta yi kirtani a gaban fankar har na ɗago ta gaba ɗaya kamar bargo, a cikin fawa-fak kuma ga busasshiyar tsaka. Mai ita ya riga ya yi cinikin sabon kati. Bulowa na sa mata, na canza man farosesa, ta koma bakin aiki. In za ka busa, ka riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima, kuma a waje, ba a cikin shago ba. Ka ɗaga kwamfutocin daga ƙasa, ka janye su daga jikin bango ko da taƙi ɗaya.

Sai janareta. Ba ka faɗi girmansa ba, amma kwamfuta uku da monitocinsu in wasa ya yi zafi suna iya tasam ma wat 900, ban da fankar sama da cajin wayoyi da firijin lemo in akwai. Saurari muryarsa lokacin da ake wasa a duka ukun. In yana nishi, ko ƙwan fitila na lumshewa sa'ad da firiji ya tashi, to ga wani mai laifin. Gwada kunna mai matsalar ita kaɗai a ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi. In ta yi awa guda ba ta mutu ba, ka wanke fawa-fak, ka koma kan inji. In da UPS a tsakani, duba shi ma. Ƙaramin nan mai 650VA abin da yake ɗauka a zahiri bai kai wat 400 ba, kuma in batirinsa ya tsufa, ƙiftawar wuta kaɗan ta isa ya saki. Kowace kwamfuta da nata, kada a tara masa biyu.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Laftof gare ni, HP, i5. Wane kati zan saya in saka mata don eFootball?

AMSA: Babu, ɗan'uwa. A laftof ƙwaƙwalwar hoton a like take da madabod da dalma, ba a cire ta a sa wata. Akwai akwatin kati na waje da ake haɗawa ta ramin Thunderbolt, amma sai laftof ɗin na da ramin, kuma kuɗin akwatin da katin zai saya maka kwamfutar tebur sukutum. In ram ɗinka sanda ɗaya ce kuma akwai gurbi na biyu, ƙara mata 'yar'uwa mai girma ɗaya, wannan na taimaka wa hoton cikin farosesa sosai. Sauke ingancin hoto zuwa 720p, ka bar caja a jiki lokacin wasa, ka daina ɗora ta a kan katifa. Turo mini cikakkiyar lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta, in duba maka irin ram ɗin da take karɓa.